Ina kuɗin maganin ambaliyar Houston suka shiga?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai abin nan ya ishe ni. Ranar 25 ga Agusta 2018, shekara guda cif bayan guguwar Harvey da ta shigar da ruwa gidaje sama da 150,000 a gundumar Harris, inda birnin Houston yake a jihar Texas ta Amurka, mutane suka fita suka amince a ci bashin dala biliyan 2.5 ta hanyar takardun lamuni don maganin ambaliya. Wajen kashi 85 cikin ɗari na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka ce sun yarda. Yau a je unguwannin bakin rafukan Greens Bayou da Halls Bayou a gani, da an yi ruwa mai ƙarfi hankalin kowa a tashe yake. Harajin gida kuwa ba ya fashi. An cinye kuɗin nan, kuma kowa ya yi shiru.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, "an cinye" magana ce mai nauyi, kuma ba ka kawo takarda ko ɗaya ba. Abin da aka zaɓa a 2018 izinin cin bashi ne, ba a zuba biliyan 2.5 a asusu washegari ba. Kashi-kashi ake sayar da takardun, gwargwadon aikin da ya isa a biya. Dalili shi ne dokar harajin tarayya: takardun lamunin da aka yafe wa haraji, wanda ya sayar da su sai yana da tsammanin kashe kashi 85 na kuɗin cikin shekara uku. Sannan duk kashin da za a sayar sai ofishin Antoni Janar na Texas ya duba ya amince. Kuɗin da ba a kai ga rantowa ba, ta ina za a cinye shi?

Maman Ilham: Injiniya, da girmanka, ba sai mutum ya sa a aljihu ake cewa an cinye ba. Aikin da aka ƙiyasta a 2018, in ba a ba da kwangilarsa ba sai bayan 2021, kuɗin kankare da ƙarfe da dizal da ladan ma'aikata duk sun tashi, farashin filin da za a saya ma ya tashi. Biliyan 2.5 ɗin kuwa ba ta ƙaruwa. Jinkiri ya ci, tsada ta ci, talakan Halls Bayou bai gani a ƙasa ba. In wannan ba cinyewa ba ne, mene ne sunansa?

Injiniya: Sunansa jinkiri, Hajiya. A Hausa in ka ce hukuma ta cinye kuɗi, sata kake nufi, kowa ya san haka.

Ɗan Damagaram: Ba kullum ba. Ana cewa gini ya cinye kuɗi, ba wanda ya ce gini ɓarawo ne.

Injiniya: Ai shi bai ce aiki ya cinye ba, "an cinye" ya ce, ya ƙara da "kowa ya yi shiru". Wannan zargi ne. Kuma bari in faɗi abin da ke cin lokacin. Faɗaɗa rafi a Houston ba kawo katafila a fara haƙa ba ne. Da farko nazarin yiwuwa, sai zanen farko na injiniyoyi, sai sayen filayen gefen rafin ɗaya bayan ɗaya, wanda mai shi ya ƙi sayarwa a tafi kotu. Sai kawar da bututun gas da na ruwa da wayoyin da ke binne, kowanne da kamfaninsa da jadawalinsa. Sai izinin sashe na 404 na dokar tsaftar ruwa daga injiniyoyin sojan Amurka, in aikin ya taɓa rafi ko fadama. Bayan haka zane na ƙarshe, sannan tallar kwangila. Kuma akwai ƙa'idar da ba a tsallakewa: aikinka kada ya ƙara wa na ƙasa da kai ruwa. In ka faɗaɗa rafi daga sama, ruwan zai iso unguwar ƙasa da sauri ya cinye ta. Shi ya sa ake fara haƙa tafkin tara ruwa, ko a faro daga ƙasan rafin a yi sama. Mutumin da ke sama sai ya ga shekaru sun wuce ba katafila a unguwarsa, alhali aikinsa ake yi a wani wuri.

Ɗan Damagaram: To ga shi kai ma ka ce ruwa ya cinye unguwa.

Alhaji na Katy: Ku bar wasa da kalma. Ed Emmett, shugaban gundumar a lokacin, shi ne ya kawo wannan shiri, jama'a suka amince da jerin ayyukan da aka nuna musu a tarurrukan unguwanni. Da Lina Hidalgo ta karɓi mulkin gundumar daga hannunsa a Janairun 2019, a watan Agustan shekarar majalisar gunduma ta sauya yadda ake jera ayyuka, da ƙuri'a 3 da 2, kowa ya bi jam'iyyarsa. Aka shigo da ma'aunin raunin al'umma, wato duba talauci da raunin mazauna unguwa, aka tura wasu ayyukan baya. Wanda ya zaɓi abu aka canza masa tsari bayan zaɓe, shi aka cinye wa haƙƙi.

Maman Ilham: Alhaji, ba a canza komai a ɓoye ba. A cikin umarnin zaɓen na 2018, tun zamanin Emmett ɗin, an rubuta cewa majalisa za ta fito da hanyar kashe kuɗin bisa adalci. Me ya sa aka rubuta? Saboda lissafin gwamnatin tarayya darajar gidajen da za a kare yake dubawa ya auna da kuɗin aiki. Unguwar masu tsadar gidaje kullum ita ke cin ma'auni. Brays Bayou ta samu babban aikinta, mil 21 na faɗaɗa rafi da gadoji 32 da tafkuna huɗu, tun kafin wannan zaɓe. Halls Bayou fa? In ana neman inda aka cuci mutane, a duba Mayun 2021, lokacin da ofishin filaye na jihar Texas ƙarƙashin George P. Bush ya raba wajen dala biliyan 1 na kuɗin tarayya, birnin Houston da hukumar gundumar Harris ba su samu ko sisi ba. Sai da aka yi ca a kansu sannan aka ware wa gunduma miliyan 750. A Maris 2022 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta ce rabon ya nuna wariya.

Alhaji na Katy: Hajiya, ke duk abin da ya lalace laifin Austin ne, fadar gwamnatin jihar Texas. Wa ya ce a gina shiri a kan kuɗin da ba a hannu yake ba?

Injiniya: Wannan tambayar ita ce ta gaskiya, Alhaji, amma ta koma kan waɗanda suka tsara shirin tun 2018. Jerin ayyukan ya kai kusan biliyan 5, bashin da aka amince da shi biliyan 2.5 ne. Ragowar ana sa ran ta daga tarayya da jiha da sauran abokan tarayya. A Maris 2021 aka bayyana giɓin biliyan 1.4, kuma Greens da Halls su suka fi shan wahala domin ayyukansu sun fi dogara da kuɗin waje. Daga baya gunduma ta kafa asusu na musamman ta riƙa zuba masa kuɗin hanyoyin da ake biya don cike giɓin. Ƙari a kan haka, wata guda bayan zaɓen hukumar yanayi ta tarayya ta fitar da sabon lissafin ruwan sama, Atlas 14. Ruwan kwana ɗaya da ake kira na shekara ɗari a Houston, wato mai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara, ya tashi daga inci 13 zuwa 18. Tafkin da aka auna da tsohon lissafi ya zama ƙarami tun ba a haƙa shi ba.

Ustaz: 'Yan uwa, kuna ta cinye da ba a cinye ba, ba wanda ya tambayi asalin kuɗin. Takardun lamunin nan da ruwa ake biyansu shekaru masu yawa, daga harajin gidajenmu. Riba ce. Najeriya ta fitar da sukuk, takardun lamuni na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 a 2017 don hanyoyi, an ɗaure kuɗin da ayyukan da aka ambata, har allo ake kafawa a bakin hanya.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, sukuk ɗin wa aka tambaya kafin a fitar? A nan aƙalla an kai maganar akwatin zaɓe.

Ustaz: Akwatin da ko kashi goma cikin ɗari na masu rajista ba su je ba? Kuma yawan ƙuri'a ba ya halatta riba.

Alhaji na Katy: Malam, haraji wajibi ne a kanmu, ba mu muka ba da bashin ba. A bar wannan ga malamai.

Ustaz: Ai malaman ne suka yi maganar, Alhaji.

Yaya Ladi: Akwai abin da duk kuka tsallake. Ruwan da ke kwanciya a titi cikin birnin Houston, yawanci ba na wannan bashin ba ne. Hukumar yaƙi da ambaliya ta gunduma ita ke da rafuka da manyan magudanu, wajen mil 2,500 a yankunan ruwa 22. Kwatar gefen titi da kwalbati da bututun ƙarƙashin titi na birni ne, da kuɗin magudana da aka amince da shi a zaɓen 2010 ake gyara su. In kwalbati ta toshe, lambar wayar birni ta 311 ake kira a karɓi lambar ƙorafi. In kuwa aikin rafi ake bi, kowane aiki yana da lambarsa a shafin hukumar. A duba abu uku: matakin da yake, nawa ne kason bashin da nawa ne na abokin tarayya, kuma kason abokin tarayyar an same shi ko ana jira. "An fara" a rahotonsu yana iya zama nazari kawai, kada a ɗauka haƙa ake yi. Wanda bai gamsu ba ya rubuta takardar neman bayani ƙarƙashin dokar bayanan jama'a ta Texas, ko ya yi rajistar magana a zaman majalisar gunduma.

Baban Khalifa: Ni dai ban janye ba. A Nuwamban 2024 sun sake dawowa an ƙara harajin hukumar.

Injiniya: Wancan na kula da magudanun da ake da su ne, yankan ciyawa da kwashe laka da gyaran zaizaya. Bashin gini ba ya ɗaukar irin wannan hidima ta yau da kullum.

Shugaba: To jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta: babu hujjar cewa an cinye kuɗi, Injiniya ya warware wannan sarai. Jinkirin da aka samu daga jihar Texas ya taso, kamar yadda Hajiya ta nuna da shekaru da adadi, kuma tsarin 2019 gyara ne da ya dace. Maganar Alhaji siyasa ce, ta Ustaz kuma ba nan ne wurinta ba. Baban Khalifa ya nemi lambar aikin unguwarsu ya kawo mana.

Alhaji na Katy: Ranka ya daɗe, wannan ba taƙaitawa ba ce, ra'ayinka ne. Injiniyan da kake yabo shi da bakinsa ya ce an jera aikin biliyan 5 a kan bashin biliyan 2.5, kuma ba a Austin aka yi wannan lissafin ba. Ka sa shi a ciki.