Kwalejin kuɗi a Amurka: mu sayar da fili ko mu haƙura?

Jama'a, ina neman shawara. 'Yata ta samu gurbi a wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a Amurka, irin waɗanda ɗalibi ke taɓa adabi, tarihi da kimiyya kafin ya zaɓi fanni. Kuɗin shekara, har da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. Sun yafe mata kaso mafi tsoka, amma ragowar, idan na juya shi zuwa naira, sai na sayar da filina. Kuma ba za su ba da takardar I-20 (wadda ake neman bizar karatu da ita) ba sai mun nuna kuɗin a banki.

Mahaifiyarta ta ce yarinya za ta yi aiki, alhali bizar ɗalibai ta F-1 awa 20 kawai take ba ɗalibi a mako lokacin zangon karatu, cikin makaranta.

Wanda ɗansa ya gama irin wannan, digirin tattalin arziki daga can yana mayar da kuɗinsa? Kuma ana iya roƙonsu su ƙara tallafin?