Tsohuwar taraktar gidanmu tana mutuwa a tsakiyar aiki, ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan taraktar gidanmu, Massey Ferguson 135 mai injin Perkins silinda uku. Ta mahaifinmu ce, ta ma girme ni, yanzu ni da ƙannena muke aiki da ita. Da safe bugu ɗaya take tashi, ƙararta lafiya lau. Amma da an sa mata garma an ɗan taɓa aiki, kamar minti 15 zuwa 20, sai ƙarfinta ya fara raguwa, ta yi ta sama tana ƙasa, ko an ƙara totur ba ta amsawa, can sai ta mutu. In an bar ta ta huta aka yi mata famfo da hannu sai ta tashi kamar ba ita ba, an jima kuma ta maimaita. Ba ta zafi, ba ta wani hayaƙi. Mun sa sabuwar filta amma ba ta sauya zani ba. Ta daɗe a ajiye da ɗan mai kaɗan a tanki kafin mu fito da ita. Wani ya duba ya ce injekta, wato babban famfon da ke tura mai cikin inji, ita ce ta gaji, a kwance a kai gyara. Kafin in yarda a taɓa ta nake son jin ta bakinku.

Direban haro:
Wa alaikumus salam. Malam, gobe da ka ji ta fara shaƙewa, kar ka jira ta mutu, ka buɗe murfin tanki. In ka ji iska ta yi "fuuu" ta shiga, injin kuma ya farfaɗo, to ƴar ƙofar shan iskar da ke jikin murfin ce ta toshe. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai tankin ya riƙe man. Wannan gwaji ko sifana ba ya buƙata.

Mai gyaran janareto:
Ni dai a ganina nozul ne, masu fesa mai cikin silinda. Tarakta mai waɗannan shekaru, ai dole sun ci. A cire su ukun a kai a gwada.

Tsohon bakanike:
Ɗana, kar ka bari a kwance injektar nan tukuna. Mai gyaran janareto, ka yi haƙuri, amma nozul ba ya lalacewa ya warke don an ba shi hutun rabin awa. Da su ne, da tun da safe za ta yi gardamar tashi, ta riƙa tsallake silinda, salansa yana fitar da hayaƙi baƙi ko fari. Injin da ya tashi garau, ya yi aiki, sannan ya mutu a hankali ba hayaƙi, yunwa ce take kashe shi. Man da yake isowa bai kai wanda yake sha ba idan yana jan kaya. Lokacin da kuka bar ta ta huta, mai yana tsiyaya kaɗan-kaɗan ya cika filta, shi ne take cinyewa a mintunan nan ta sake tsayawa.

Ka tuna tun 1964 aka fara ƙera wannan samfuri, wato tankin nan ya yi wajen shekara hamsin yana shan mai. Kuma ka ce ta zauna da tanki kusan wayam. Tankin da ba a cika ba yana yin gumi daga ciki in dare ya yi sanyi, ruwan ya gangara ƙasan man gas tunda ya fi shi nauyi. Ruwa ya kawo tsatsa, sannan a mahaɗar ruwa da mai akwai ƙwayoyin halitta da suke hayayyafa su zama wani baƙin yauƙi mai santsi. To a saman famfon da ke ƙarƙashin tanki, wanda kake buɗewa da rufewa, akwai ƴar rariya da ta shige cikin tankin. Ba a ganinta sai an kwance famfon, shi ya sa mutane suke ta canza filta suna mantawa da ita.

Ga yadda za ka gane. A wannan tarakta tanki yana saman inji, mai da kansa yake gangarowa. Ka cire bututun da ya shiga ƙaramin famfon nan mai hannu, ka tara bokiti mai tsabta, ka buɗe mai. Kar ka ga ya zubo da ƙarfi ka ce shi ke nan, ka bar shi ya yi minti uku ko huɗu yana zuba. In ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗis-ɗis, ka kama ɓarawonka. Ka kuma zuba kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye, in da ruwa za ka ga ya kwanta a ƙasa.

In kana son hujja ta biyu, ɗaure jarka mai tsabtataccen gas a sama, ka ja tiyo daga cikinta zuwa ƙaramin famfon, ka yi aiki da ita haka. Ta wuce lokacin da ta saba mutuwa? Matsalar tana tanki ko bututunsa. Ta mutu duk da haka? Sai mu matsa gaba: ƙaramin famfon shi ma yana da rariya a ƙarƙashin murfinsa, kuma robar da ke cikinsa tana tsagewa in ta tsufa. Ja gejin baƙin mai ka duba. In ya ƙaru, ya tsinke, yana warin gas, akwai yiwuwar robar ce ta fashe gas yana zuba cikin inji, kuma kar a sake tayar da ita sai an gyara an juye baƙin man.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Wani lokaci in ina danna hannun ƙaramin famfon sai in ji shi sakayau, ba ya turo komai, wani lokaci kuma ya yi aiki. Shi ma ya mutu ke nan?

Tsohon bakanike:
Ba lallai ba. Famfon nan daga cikin inji ake tura shi. In inji ya tsaya a daidai inda ya danne masa ƙafa, hannun ba shi da sauran wurin motsi. Ka ɗan taɓa kik inji ya juya, ka sake gwadawa, za ka ji ya kama.

Matar manomi:
Malam, wa ya sa muku sabuwar filtar? Tamu ta taɓa yin irin wannan bayan an canza. Filtar tana zuwa da zoben roba fiye da ɗaya, babban na sama a cikin kwarmin kan filta yake zama, ba a kan ita filtar ake ɗora shi ba. In aka ɗora shi a kanta yana iya rufe ƙofofin da mai yake shiga. Wani kuma tsohon zoben yana maƙale a ciki a sa sabo a kansa, iska ta samu hanya. A kwance a haska fitila a duba.

Direban haro:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma iska tana shiga ta inda mai ba ya fita, kar ka ce ai ba ka ga ɗigo ba. Ka sa guntun tiyo mai haske kafin injekta, in kumfa tana wucewa za ka gani da idonka.

Ɗan gaggawa:
Oga duk wannan dogon aiki ne. Ka fesa mata maganin tayar da inji ta wurin shan iska, nan take za ta tashi.

Tsohon bakanike:
A'a yaro. Tashi ba shi ne damuwarta ba, ai ya ce bugu ɗaya take tashi. Feshin nan yana kamawa da wuri ya doki fistin, yana karya zobba. Yawancin irin wannan inji kuma suna da ƴar hita a bututun shan iska, in ta yi ja feshin ya same ta, wuta ce.

Ɗana, duk abin da ka kwance, iska ta shiga, sai an fitar da ita, kuma da tsari ake yi. Fara da notin da ke kan filta: sassauta, yi ta famfo har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, ka ɗaure. Injekta ƙirar kamfanin CAV ce a kanta, tana da ƙananan notin fitar da iska guda biyu. Na ƙasa, wanda ke jikinta, shi ne farko, sannan na sama. A hankali za ka ɗaure su, ƙanana ne, suna karyewa. Bayan nan sassauta bututan ƙarfe a bakin nozul, ka tabbata madannin kashe inji yana ciki, totur a buɗe, giya a furi, ka buga kik har mai ya fara tsartuwa, sai ka ɗaure. Kar ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 15, ka bar shi ya huce tsakani. Hannunka kuma ya yi nesa da wurin. Man da ke zuwa nozul ƙarfinsa ya haura 150 a ma'aunin matsi na "bar", yana huda fata ya shige nama. Wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa a take, ko da ramin bai fi tsinin allura ba.

Mai gyaran janareto:
Na karɓi gyara Baba. Amma in duk an bi waɗannan ba a dace ba fa?

Tsohon bakanike:
Akwai sauran ƴar rariya guda a inda mai yake shiga injektar kanta, a ƙarƙashin babban notin. Ana iya duba ta, sai dai akwai sifirin da ƙananan kaya a wurin, dole a shimfiɗa tsumma mai tsabta a jera su yadda suka fito. In ita ma fes take, sannan ne za a yi maganar kai injekta wurin masu na'urar gwaji. Ba a buɗe cikinta a gona.

Mai tambaya:
Jama'a ga yadda aka yi. Murfin tanki lafiyarsa ƙalau. Da na cire bututu, mai ya zubo da ƙarfi, kafin minti biyu ya koma kamar zare. Muka juye tankin muka kwance famfon ƙasa. Rariyar ba a ko ganin ramukanta, baƙin yauƙi da ɓarɓashin tsatsa sun lulluɓe ta, ƙasan bokitin kuma ruwa ne jajawur. Mun wanke tankin da gas mai tsabta har ya daina fitar da datti, mun wanke rariyar, mun sake sa wata filtar tunda waccan ta riga ta sha dauɗa. Hajiya, zoben yana daidai, na duba. Na fitar da iska yadda Baba ya tsara, ta tashi, ta yi yinin jiya tana huɗa ba ta ko yi tari ba. Sai dai da na haska cikin tankin na ga tsatsa ta kama bangonsa sosai. A bar shi haka, ko a sauke shi?

Tsohon bakanike:
Madalla. Gama aikin da ke gabanka tukuna, amma ka riƙa cika tanki da yamma bayan an tashi, kana tsiyaye ruwan ƙasan filta lokaci-lokaci, ka kuma ajiye filta ɗaya a kusa domin tsatsar za ta ci gaba da saukowa. In aiki ya lafa ka sauke shi, a zuba ƙananan notuna da gas a girgiza sosai, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai. Ka duba ƙasansa da kyau, in ka ga wurin da yake jiƙewa, kar kowa ya kusance shi da wutar walda, ka dawo mu yi magana a kan canza shi.