Ina neman hanyar fitar da bayanan tsohon kod na C da zan riƙa bincike a ciki

Garba_Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An damƙa min wata tsohuwar manhajar lissafin kayan shago da aka rubuta da C, wanda ya rubuta ta kuma ya bar aikin tun kafin in zo. Fayiloli birjik, sharhi kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ga layi guda. Kullum ina kan grep, wato umarnin neman kalma a cikin fayiloli, har idona ya fara yaji. Abin da nake so shi ne shafukan HTML masu akwatin bincike, in rubuta sunan fankshin ya nuna min inda yake da duk masu kiransa. Sharaɗina ɗaya: ya yi aiki ba intanet, don sabis a ofishinmu sai ya ga dama.

Injiniya_Sani:
Wa'alaikumus salam Malam Garba. Doxygen kake nema, manhajar da ke fitar da shafukan bayani daga kod. Tun 1997 Dimitri van Heesch ya fito da ita, kyauta ce, kuma C da C++ nan ne gidanta. Shiga foldar kod ɗin ka buga doxygen -g, za ta haifar maka da fayil mai suna Doxyfile. Kada tsawonsa ya tsorata ka, layuka kaɗan za ka taɓa.

Tunda kod ɗinka ba sharhi, ka mai da EXTRACT_ALL zuwa YES, in ba haka ba shafuka kusan fayau za ka samu. Haka EXTRACT_STATIC, don tsofaffin masu rubuta C suna son static kamar me. Sai RECURSIVE domin ta shiga ƙananan foldoji, da SOURCE_BROWSER da REFERENCED_BY_RELATION, waɗannan biyun su ne za su nuna maka wa ke kiran wa, kana latsawa kana tafiya. GENERATE_LATEX ka kashe shi, ba ka da buƙatarsa.

In ka sa Graphviz, manhajar zana taswira, a kwamfutar, kunna HAVE_DOT da CALLER_GRAPH ka ga zanen masu kiran kowane fankshin. A ganina wannan zanen ya fi akwatin binciken amfani ga wanda ya gaji kod ɗin wani. Amma yana cin lokaci, ka tabbata akwai caji kafin a ɗauke wuta.

Maman_Khalil:
Me ya hana Sphinx, ita ma manhajar haɗa shafukan bayani? Bincikenta yana kama kalmomin cikin bayani ne gaba ɗaya, kuma shi ma ba ya neman sabar. Masu kernel na Linux ma ita suka koma tun 2016.

Injiniya_Sani:
Hajiya, gaskiyarki ta fuskar bincike. Akwatin Doxygen na JavaScript sunaye kawai ya sani, na fankshin da struct da fayil. In kana son ya shiga cikin rubutu sai ka kunna SERVER_BASED_SEARCH, shi kuma yana neman sabar mai PHP. Sai dai Sphinx don Python aka gina ta. Hanyar da aka saba ta karanta C ita ce Doxygen ta fitar da bayanan a fayilolin XML, sannan wata ƙaramar manhaja mai suna Breathe ta miƙa mata. Aiki biyu ke nan, kuma me za ta bincika a kod ɗin da ba wanda ya rubuta masa bayani? Malam Garba ya fara da Doxygen, duk fankshin da ya gane aikinsa ya ɗora masa gajeren sharhi na /** @brief */ a kai. In bayanai sun taru sai a yi maganar Sphinx.

Garba_Zazzau:
Allah Ya saka da alheri. Na gudanar da Doxygen, na buɗe html/index.html a burauza, ga komai nan. Har na gano fankshin biyu masu lissafin ragi, ɗaya ba mai kiransa ko kaɗan. To amma Injiniya, saƙonnin kuskure da ke cikin printf fa? Su nake yawan nema in mai shago ya kira ni, akwatin kuma ba ya ganinsu.

Injiniya_Sani:
Wannan aikin OpenGrok ne, tana bin kowace kalma a cikin kod, amma tana buƙatar Java da Tomcat da Universal Ctags. Ga manhajar shago guda, nauyin ya yi yawa. Sa ripgrep, wato irin grep mai sauri, ka buga rg da saƙon, ya wadatar. Kuma kada ka yi saurin goge fankshin ɗin nan, duba ko ana kiransa ta pointer, Doxygen takan rasa irin wannan kiran a zanenta.