Furen atamfa yana warwarewa, gam kuma yana saki: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hannu. Don Allah a taimaka min da shawara.

Ina Katsina, wajen Ƙofar Marusa, ina haɗa furannin adon gashi na yara mata da guntayen yadin da teloli ke zubarwa. Satin da shifon ba sa ba ni wahala: in na yanka su zagaye-zagaye na kara bakin kusa da wutar kyandir, sai ya narke ya nannaɗe, tunda zaren roba ne. Matsalar atamfa ce. Ita auduga ce, ba ta narkewa, ƙonewa take yi ta bar toka. In kuma na ƙyale bakin haka, kwana kaɗan zare ya fara fita ta ko'ina. Na gwada sitati, furen ya tsaya kyam, amma wanki ɗaya ya saki. Ga shi iyaye atamfar suka fi so, don ta dace da ankon Sallah.

Sai gam. Gam na bindiga, wato wanda ake narkarwa da 'yar na'ura mai kama da bindiga, nake manna furen da shi a kan kilif ɗin ƙarfe. Da zafin Afrilu ya kankama sai ya yi laushi, furen ya zame. Wata ma a tafin hannu ta dawo min da na 'yarta.

Shin ninke bakin atamfar zan yi in ɗinke, ko almakashi mai haƙora ya wadatar? Wane gam ne kuma ke riƙe yadi a jikin ƙarfe, ana samunsa a Babbar Kasuwa ko sai an aika Kano?