Wa ya san garin Konwi na ƙasar Wels?

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke karatu Birtaniya ya turo mini hoton wani gari wai shi Konwi, ganuwa ta dutse ta zagaye shi ga kwalekwale zaune kan laka babu ruwa ko kaɗan, na tambaye shi ya ce in bari sai ya gama jarabawa. To fari anka yi can ko mi? Kuma wa ya gina ganuwar?

Malamin Jega:
Wa alaikumus salam. Ba fari ba ne ɗan'uwa, garin yana arewacin Wels ne daidai inda kogin Konwi ke faɗawa teku, shi kuwa ruwan teku sau biyu yake cika ya janye kowace rana, da ƙanenka ya jira 'yan awoyi sai ya iske jiragen sun taso. Ganuwa kuwa Sarki Edward na ɗaya na Ingila ya sa anka fara ta a 1283 bayan ya ci Wels da yaƙi, tsawonta wajen kilomita 1.3 da hasumiya 21, banda ƙaton gidan yaƙin da ke gefen ruwa mai hasumiya 8. Abin da mutane ba su lura da shi, ba don kare 'yan ƙasa anka yi ta ba, Ingilishi ya kawo ya zaunar ciki, masu ƙasa suna waje. A 1401 'yan Wels sunka yi dabara sunka ƙwace gidan na wasu watanni.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam Allah shi ƙara basira. Ashe ba irin ta Surame, tsohon birnin Kabi, ba ce, don Sarki Kanta mutanensa ya yi wa tashi. Su dai sun iya adana abu, tun 1986 UNESCO ta sa ganuwar da gidan yaƙin cikin kayan tarihin duniya, mu ko sai ciyawa.

Basarke:
Ni masuntan sunka burge ni, har yau da manjagara mai dogon ƙota suke kwasar ƙumbar ruwa daga cikin kwalekwale lokacin sanyi. Ɗan Argungu ce ma ƙanenka ya leƙa bakin ruwa, akwai wani jan gida da anka ce duk Birtaniya babu ƙarami kamarsa, faɗinsa bai kai mita 2 ba, kuma wanda ya zauna ciki na ƙarshe har 1900 masunci ne dogo, ya fi ƙafa 6, ko miƙewa bai iya yi a ɗakin.

Ɗan Argungu:
Madalla, na gode. Bari in tura mai ya ɗauko mana bidiyo lokacin da ruwan ke dawowa.