Zafin bazarar nan ƙaruwa yake yi, ko ni ce na fara tsufa?

Mai ɗinki, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Katsina aka haife ni, na san bazara. Amma muna yara, in dare ya raba sai iska ta taso a tsakar gida, har Inna ta lulluɓe mu da zani kafin asuba. Yanzu ƙarfe 2 na dare ka dafa bangon ɗaki, kamar tanda. Azumin 2024 ne ya tsorata ni. Baba, mai fama da hawan jini, ya yanke jiki ya faɗi bayan la'asar, jikinsa zafi rau, babu gumi ko ɗigo. Allah ya taimaka maƙwabcinmu na da Keke Napep. Shagona kuma rufin kwano ne, daga azahar zuwa la'asar ba na iya taka keken ɗinki. Don Allah masu sani, me ke faruwa?

Malamin makaranta, Daura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba tsufa ba ne. Hayaƙin fetur da gas da kwal da duniya ke ƙonawa ya taru a sama, yana tare zafin da ya kamata ya fice, kamar an rufa mana bargo. Tunda aka fara aunawa, ba a taɓa ganin shekara mai zafin 2024 ba kafinta. A wannan azumin da kike faɗa, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu, kuma masanan da suka bincika sun ce ba don sauyin yanayi ba da bai kai haka ba. Mu kuwa da ma Afrilu kan kai mu digiri 40, ɗan ƙari kaɗan ya isa ya kwantar da tsoho.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zafin daren nan da kika ambata ya fi damuna, don jiki ba ya samun hutu kafin wata ranar ta fito. In kika ga mutum ya ruɗe, jiki zafi, kada a jira magariba. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, musamman wuya da hammata, ana yi masa fifita har asibiti. Ki kuma nuna wa likita maganinsa, wasu magungunan hawan jinin suna sa yawan fitsari.

Dattijon Sabuwar Unguwa:
'Yata, mu ma da namu laifin. Layinmu da bishiyoyin bedi (dogon yaro) ne reras, duk an sare an yi shaguna. Na tashi a soron ƙasa mai azara, da rana tsaka sanyi ƙalau. Da hannuna na rushe shi na yi bulo da kwano, yau ina kwana waje.

Mai ɗinki, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai. Baba, bedi biyu zan dasa ƙofar shago in damina ta faɗi. Kafin su girma, akwai wanda ya gwada shimfiɗa zana a kan kwano? Yana rage zafin?