Gari ya iso mu, hukumarsa ba ta iso ba: wace ƙofa kuka buga?

Sabon Zama

Assalamu alaikum jama'a. Shekara uku ke nan da muka tare a wata sabuwar unguwa a gefen birni. Lokacin da muka zo gonaki ne a bayanmu, yanzu gidaje sun zagaye mu ta ko'ina. Matsalarmu ruwa. Babu magudanar ruwa ko ɗaya, in sama ta sauko da dare sai ka ga kowa a ƙofar gidansa da bokiti da tocila. Bara ruwa ya shiga ɗakin yarana ya jiƙa katifa da littattafan makaranta, har yau shatin lakar na nan a bango, ya kai gwiwata.

Na je ofishin ƙaramar hukuma, suka ce babban titin da ruwan ke gangarowa daga shi na hukumar birni ne. Na je can, wani ma'aikaci ya buɗe taswira ya bi ta da yatsa, ya ce unguwarmu ba ta ciki. Na dawo gida da takardata a hannu. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, da kuma ƙofar da ta buɗe masa.

Tsohon Safiyo

Wa alaikumus salam ɗana. Shekara 28 na yi a sashen ayyuka kafin in yi ritaya, kuma abin da mutumin nan ya faɗa maka gaskiya ne, bayani ne kawai bai yi maka ba. Kowace hukumar gari tana da rajistar kadarorinta: tituna, kwalbati, magudanan ruwa, fitilu. Titin da ba shi da suna da lamba a wannan rajista, injiniya ba shi da ikon kashe masa ko sisi, in ya kashe masu binciken kuɗi za su tsare shi. Sau da yawa waɗanda suka yanka fuloti suka sayar ba su kai tsarin awon wurin ofishin tsara birni an amince da shi ba, ko an amince amma ba su miƙa titunan ga hukuma ba. A takarda har yanzu ku gona ne.

Na sha zuwa unguwanni irin taku da na'urar awo. Sai ka tarar an gina gida daram a kan hanyar da ruwa ya saba bi tun kafin a haifi mai gidan. Ruwa kuwa ba ruwansa da iyakar hukuma, gangara yake bi. Ƙaramar kwata ta cikin layi a hannun wata hukuma take, babbar da za ta karɓi ruwan a hannun wata, in ba su zauna tare ba sai a gina muku kwatar da ba ta da inda za ta zuba. Na ga an yi haka, kuma ya fi rashinta muni. Ka fara da ofishin tsara birni, ka tambayi matsayin awon unguwarku. Daga nan komai zai biyo baya.

Uwar Biyu

Baba ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu shara ce ta dame mu. Motar kwashe shara tana zuwa daidai inda kwalta ta ƙare ta juya, mu da ke ciki sai dai a tara a wani kango, ƙuda da wari, yara na wasa a gefe. Na tare direban wata safiya, bawan Allah ya ciro wata takarda daga aljihun gaba duk ta tsufa, ya nuna min jerin layukan da aka ba kamfaninsu kwangila. Namu babu. Ya ce a kan yawan gidajen da ke takardar ake biyansu.

Mu mata ne muka tashi. Muka sayi fenti muka bi gida-gida muka sa lamba, muka rubuta sunan kowane mai gida da sa hannunsa. Abin da nake so kowa ya riƙe: takardar koke kofi biyu ake yi. A ba su ɗaya, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗayar ku tafi da ita. Zuwanmu na farko ba mu san haka ba, takardar ta ɓace. Muka sake kai wata aka buga mana hatimi, daga baya da na ajiye mai hatimin a kan tebur, nan take aka nemo fayil ɗin. Wata biyar aka ɗauka, amma yanzu motar na shigowa sau biyu a mako.

Mai Rasit

Ni ma'aikacin tara haraji ne, kuma zan faɗi abin da ke ci min rai. Mu ne muke fara isa sabuwar unguwa, tun kafin famfo da fitila. Wata dattijuwa ta taɓa karɓar takardar harajin gida daga hannuna, ta nuna min ramin da ke ƙofar gidanta ta ce, "Wannan fa, wa zai kawo min takardarsa?" Ban sami abin ce mata ba, kuma tana da gaskiya.

Sai dai ku gane yadda kuɗin yake. Hukumar gari tana rayuwa ne da harajin gidaje da shaguna da lasisi, sai kason da gwamnatin sama ke turo mata, wanda galibi da ƙidayar jama'a ake lissafa shi. Gari na ƙaruwa kullum, ƙidaya kuwa sai bayan shekaru. Ana ciyar da mutanen yau da lissafin mutanen jiya. Rasit ɗinku hujja ce: duk unguwar da ta zo da damin rasit ta ce ga mu, muna biya, na ga yadda fuskar shugabannin sashe ke canzawa. Kada ku biya kowa ba rasit.

Ɗan Ci-rani

Na yi shekara shida a wani matsakaicin birni a Amurka. Can tsarinsu shi ne jama'a su zaɓi kansiloli, su kuma su ɗauki ƙwararren manajan birni aiki, shi ke riƙe da sassan ruwa da tituna da shara, in bai yi ba su sallame shi. Garin Staunton na jihar Bajiniya ne ya fara ɗaukar irin wannan manaja a 1908, sai Dayton ta jihar Ohayo ta rungumi tsarin a 1914, bayan mummunar ambaliyar da ta ci ta a 1913. Kun ga su ma ruwa ne ya tashe su.

Abin da ya fi burge ni lambar wayar kai koke ga hukumar birni ta 311, wadda birnin Baltimo ya fara a 1996. Fitilar layinmu ta mutu, na kira, aka ba ni lambar koke, kwana huɗu aka gyara. Ba sai na san sashen da ke da alhaki ba, su ne za su nemo shi. Amma Malam Sabon Zama, irin matsalarka ma akwai ta can. Abokin aikina gidansa na wajen iyakar birni da 'yan mitoci, rijiya yake sha, shara kuma shi ke biyan mai kwashewa, har sai da birnin ya shigar da yankinsu cikin iyakarsa a hukumance.

Ɗalibar Tsara Birane

Wannan tambaya ta wa ke da me, manyan birane ma sun sha fama da ita. Landan tana da ƙananan hukumomi 32, ban da tsohon tsakiyar birnin da ke da tasa hukumar daban. Su ke kula da shara da gidajen haya na hukuma da yawancin tituna. Magajin garin Landan, kujerar da aka kafa a 2000, shi ke da sufuri da manyan hanyoyin da suka ratsa birnin. Toronto ta Kanada ta bi wata hanyar, ta haɗe garuruwa shida suka zama birni guda a 1998. Ni dai wanda ya fi kwanta min shi ne na Porto Alegre a Brazil, inda tun 1989 aka fara tara mazauna unguwanni su zaɓi aikin da za a sa a kasafin kuɗi. Unguwannin gefe sun sami ruwa da magudanar ƙazanta ta wannan hanya.

Da na yi aikin sanin makama a ofishin tsara birni, na ga akwati cike da takardun koke da suka iso bayan an rufe kasafi. Babu wanda ya ƙi su, makara suka yi.

Tsohon Kansila

'Yata, maganarki ta ƙarshe ita ce magana. Zango ɗaya na yi. Kansila ba shi da greda, ba shi da siminti. Ƙuri'a ɗaya gare shi a zauren majalisa da bakin magana lokacin da ake tsara kasafi. Sassa na haɗa buƙatunsu watanni kafin sabuwar shekarar kuɗi, to a lokacin nake neman mutanen mazaɓata su zo min da takarda a hannu, sai in ga ba kowa. Ranar da ruwa ya ci gidaje kuwa ƙofata ba masaka tsinke, alhali kuɗin shekarar an riga an raba. Ya ɗan'uwa, ku nemi kansilanku yanzu da rani, ku tafi ku da yawa, kuma ku roƙi abu ɗaya tak. In kuka kai goma, za a zaɓi mafi arha a yi muku. Zaman majalisa a wurare da yawa a buɗe yake ga jama'a, ku je ku zauna ko ba za ku yi magana ba, ana ganinku.

Sabon Zama

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi shawarar Baba, ranar Talata mu huɗu muka je ofishin tsara birni. Ashe an amince da awon unguwarmu tuntuni, titunan ne ba a miƙa ba, kuma an nuna mana fom ɗin da ake cikewa. Hajiya Uwar Biyu, mun yi kofi biyu, mai hatimin na cikin jakata a leda. Matasa sun fara sa lambar gidaje jiya, sun gama layi uku. Kansila ya ba mu ranar Asabar.

Baba Safiyo, saura tambaya ɗaya. Akwai gida biyu da muke zargin a kan hanyar ruwa suke, masu su kuma maƙwabtanmu ne na kirki da suka saya ba su sani ba. In injiniya ya zo awo, ana iya karkata kwatar ta bi gefensu, ko dole sai an taɓa ginin? Ina so in san abin da zan faɗa musu kafin Asabar.